Saɓanin Burauzoji a Kan Awon Akwati

Duk wanda ya taɓa zama a zaure ana karatun fiƙihu ya san cewa nassi yana iya zama ɗaya, lafazinsa ɗaya, amma masu sharhi su rabu a kan abin da yake nufi, har a sami ƙauli biyu ko uku a mas'ala guda, kowane ƙauli da hujjarsa da mabiyansa. Irin wannan saɓani ya auku a wata sana'a ta zamani, wato sana'ar tsara shafukan intanet, sai dai a nan masu sharhin manhajoji ne da ake kira burauza, waɗanda aikinsu shi ne su karanta umurnin da mai tsara shafi ya rubuta su zana shi a fuskar kwamfuta. Saɓanin malamai akan ce rahama ne. Na burauzoji kuwa bai zama rahama ga kowa ba, gama ya cinye wa ma'abota sana'ar kimanin shekara goma sha biyar suna gyara abin da ba su ne suka ɓata ba, har ya zamana gwanintar mutum a cikinsu ana auna ta ne da yawan kurakuran burauza da ya haddace.

Asalin al'amarin yana komawa shekarar 1989, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, inda wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya kawo shawarar hanyar da masana za su riƙa musayar takardunsu. Harshen da ya ƙago domin rubuta shafi, wanda ake kira HTML, ba ya faɗin kamannin abu, yana faɗin matsayinsa ne kurum: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne. Girman harafi da launinsa da wurin zamansa an bar wa burauza ta yi yadda ta ga dama, kuma masana ba su damu ba, tun da ma'ana suke nema. Amma da burauzar Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois a 1993 tana nuna hoto a tsakiyar rubutu, Netscape kuma ta biyo bayanta a ƙarshen 1994, sai 'yan kasuwa da masu jaridu suka shigo, su kuwa mutane ne da suka saba da maɗaba'a, inda in ka ce a sa hoto a dama, a dama za ka same shi. Suka nemi ado, kamfanoni suka shiga ba su shi ta hanyar bidi'a, kowa yana ƙago alamar da abokin hamayyarsa bai sani ba: Netscape ta kawo rubutu mai ƙifce, Microsoft ta kawo rubutu mai tafiya daga gefe zuwa gefe. Masu tsara shafi, da suka rasa abin jera ginshiƙai, sai suka ɗauki jadawali, wanda aka yi domin lissafi, suka cusa jadawali cikin jadawali, suka kuma riƙa tokare gurabe da wani hoto mai ɗigo ɗaya tak wanda ido ba ya gani, dabarar da littafin David Siegel na 1996 ya yaɗa ta ko'ina.

Tun kafin abin ya kai haka, wani mutumin Norwe mai suna Håkon Wium Lie, shi ma yana aiki a CERN, ya fitar da shawara ranar 10 ga Oktoba 1994 cewa a raba matani da adonsa: rubutu ya zauna a takardarsa, ƙa'idojin kamanni su zauna a tasu. Wani ɗan Holan, Bert Bos, ya haɗa hannu da shi, aka sami abin da ake kira CSS. Hikimar da ke cikinsa hikimar rinjayarwa ce, domin ya yarda cewa mai shafi yana da bukata, mai karatu yana da tasa, burauza ma tana da al'adarta, sa'an nan ya shimfiɗa tartibin wanda za a gabatar idan suka ci karo. Ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a wannan wata na Oktoba, ta tabbatar da kashi na farko ranar 17 ga Disamba 1996, na biyu kuma a Mayun 1998. To, amma a nan ne gizo yake saƙa: ƙungiyar matsayin mufti take da shi, ba na alƙali ba. Tana ba da fatawa, har ma sunan da take kiran ƙa'idojinta da shi ma'anarsa shawara. Ba ta da dogari, ba ta da gidan yari, wanda ya so ya bi, wanda ya ƙi ya ƙi.

Internet Explorer 3 ta Microsoft, wadda ta fito a Agustan 1996, ita ce ta farko cikin manyan burauzoji da ta ɗauki wani yanki na CSS. Netscape 4 ta zo a 1997 da aikin gaggawa, domin kamfanin ya so tasa hanyar ce ta yi nasara, saboda haka ya bi da ƙa'idojin ta cikin harshen JavaScript, har ya kasance in mai karatu ya kashe wannan, adon shafi gaba ɗaya ya tafi tare da shi. Gabar kamfanonin biyu ta kai ga cewa a Oktoban 1997, bayan bikin fitowar Explorer 4, mutanen Microsoft suka kai ƙaton harafin tambarinsu suka dasa a harabar Netscape cikin dare, da gari ya waye mutanen Netscape suka kayar da shi suka ɗora dodonsu Mozilla a kai. Su suna wasa, masu tsara shafi suna rubuta kowane shafi sau biyu, suna sa shi ya fara tambayar baƙo sunan burauzarsa kafin ya san wanda zai miƙa masa. Wannan tambaya ta haifar da wani tadlisi mai ban dariya: da Microsoft ta ga ana hana burauzarta shafuka masu kyau saboda ba sunanta Mozilla ba, sunan da burauzar Netscape ke amsawa, sai ta sa ta riƙa fara gabatar da kanta da wannan suna, kamar baƙon da ya ari nasabar mai gida don a buɗe masa ƙofa. A 1998 wasu masu sana'ar, cikinsu har da George Olsen da Glenn Davis da Jeffrey Zeldman, suka kafa ƙungiyar matsa wa kamfanoni lamba su bi ƙa'ida, suna cewa wannan rarrabuwa tana ƙara aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin gina shafi.

Mas'alar da ta fi kowace shahara, wadda kuma ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce ta awon akwati. A wurin CSS kowane abu da ke kan shafi akwati ne mai kusurwa huɗu: a tsakiya akwai abin da ke ciki, rubutu ko hoto, kewaye da shi akwai ciko, wato sararin da ke hana rubutu manne wa bango, sai bangon kansa, sai ratar da ke tsakaninsa da maƙwabtansa. To, idan mai tsara shafi ya ce faɗin akwatin nan fiksel 300 ne, me yake nufi? Wanda ya taɓa sa magini ya fitar masa da ɗaki sha biyu sha biyu ya san wannan tambaya, domin in ba a yi magana tun farko ba, wani maginin zai auna daga ciki, wani ya haɗa da kaurin bulo, sai ranar shigar da gado a gane bambancin. Nassin W3C ya ce daga ciki ake awo: 300 na abin da ke ciki ne kaɗai, ciko da bango ƙari ne. Idan cikon 20 ne a kowane gefe, bangon kuma 5, akwatin zai ci 350. Explorer ta Windows kuwa, har zuwa ta 5.5, daga waje take awo, akwatin ya tsaya a 300 cif, abin da ke ciki ya matse zuwa 250. Bambancin 50 ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da faɗin fuskar kwamfutoci da yawa bai wuce 800 ba. Wanda ya gwada shafinsa a Explorer kaɗai ya ga ginshiƙansa uku sun zauna daram, da an buɗe shi a burauzar da ke bin nassi sai akwatunan su kumbura, na ukun ya rasa wuri ya faɗo ƙarƙashin 'yan'uwansa. Wanda ya yi akasin haka ya tarar da giɓi. Ɗalibai za su tuna saɓanin mutanen Madina da na Iraƙi a kan sa'i, waɗancan suna cewa rudali biyar da sulusi, waɗannan suna cewa takwas. Sai dai a can an ruwaito cewa Abu Yusuf, da ya je Madina aka nuna masa mudun da mutane suka gada daga kakanninsu, ya koma wa ƙaulin Imamu Malik. A nan babu wanda ya iya komawa da sauƙi, domin an riga an gina miliyoyin shafuka a kan awon Explorer, gyara ta kuwa yana nufin rushe su.

Mafita biyu aka samu, kuma dukansu suna da hannun mutum ɗaya, Tantek Çelik, wanda ya shugabanci aikin injin Explorer 5 ta kwamfutar Macintosh da ta fito a Maris 2000. Ta farko hila ce tsantsa. Mai tsara shafi zai rubuta faɗin da ya dace da Explorer 5 ta Windows, sa'an nan ya biyo da wani umurni da aka yi domin muryar na'urar da ke karanta wa makafi shafi, ya cusa masa alamomin da wannan burauza ke ruɗewa a kansu ta zaci magana ta ƙare, daga nan ya rubuta faɗi na gaskiya, wanda burauzoji masu lafiyar karatu kaɗai za su kai gare shi. Wato an yi maganin kuskure da wani kuskuren. Ta biyu ta fi daɗewa: burauza ta duba layin farko na shafi, in ta ga shelar irin harshen da aka rubuta shi da shi, ta ɗauka mai shi masani ne ta bi nassi, in ba ta gani ba, ta koma tsohuwar ɗabi'a. Todd Fahrner ne ya kawo wannan shawara, Explorer ta Macintosh ta yi aiki da ita, Explorer 6 ma ta bi a Agustan 2001. Tun daga ranar tambayar farko da gwani ke yi wa almajirin da shafinsa ya karkace ita ce ko ya sa wannan layi.

Sai dai kafin nan yaƙi ya ƙare. Microsoft ta haɗa burauzarta da Windows kyauta, Netscape ta durƙushe, kamfanin AOL ya saye ta. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ƙara a Mayun 1998, alƙali Thomas Penfield Jackson ya yi hukunci a 2000 a raba kamfanin biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a shekara mai bi. Explorer ta mallaki fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet, kuma da ta ga babu abokin gasa sai ta kwanta: shekara biyar cur, daga 2001 zuwa Oktoban 2006, ba a fitar da sabuwa ba.

A cikin waɗannan shekaru ne gyaran shafi ya zama fanni mai zaman kansa, mai kama da ilmin illolin hadisi, inda abu ke da kyau a zahiri amma da ɓoyayyen aibi wanda sai ƙwararre ke ganewa. Kowace illa aka raɗa mata suna. Akwai wadda ke ninka rata: akwatin da aka tura hagu aka ba shi ratar 10 ta wannan gefe, sai Explorer ta ba shi 20, maganinta kuwa wani umurni ne da nassi ya ce ba shi da wani tasiri a kan irin wannan akwati, amma da an rubuta shi cutar ta warke. Akwai mai wasan ɓuya, inda rubutu ke ɓacewa, in an ja shafi ƙasa aka dawo ya bayyana. Akwai wadda ke tura layi fiksel 3 ba dalili. Daga baya aka gano cewa yawancinsu suna komawa ga wata sifa ta cikin injin Explorer wadda babu ita a kowane nassi, kuma ana tayar da ita da ba akwati tsawon kashi 1 cikin ɗari, dabarar da ta ɗauki sunan Holly Bergevin. Mutane suka riƙa karɓar irin waɗannan daga juna kamar laƙani: an jarraba, yana ci, kada ka tambayi dalili. Wani ɗan Holan, Peter-Paul Koch, ya shafe shekaru yana jera jadawalin abin da kowace burauza ke yi da kowane umurni, aikin da ya yi daidai da littattafan saɓanin mazhabobi. Hanyar bincike kuwa ta haƙuri ce. Mutum zai zagaye kowane akwati da jan layi don ya ga iyakarsa, ya goge rabin ƙa'idojinsa ya duba ko cutar tana nan, ya sake goge rabin abin da ya rage, har ya kama layin da ke da laifi. Kuma sau da yawa gyaran ya zama na gangar Auzinawa, a daidaita Explorer a karya burauzar Opera.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duka laifin na Explorer ba ne. CSS ta lokacin ba ta da abin jera ginshiƙai ko kaɗan. Abin da aka yi amfani da shi an yi shi ne don rubutu ya kewaye hoto kamar yadda ake yi a jarida, aka ɗora masa kayan da ba nasa ba, shi ya sa uwar akwati kan shafe in duk 'ya'yanta sun koma gefe, shi ya sa kuma daidaita tsawon ginshiƙi biyu ya gagara har Dan Cederholm ya koya wa mutane a 2004 su zana hoton ginshiƙai a bayan shafi don ido ya ruɗu. Sa abu a tsakiyar akwati daga sama zuwa ƙasa, wanda yaro zai yi da alli a kan allo, ya zama abin da ake jarraba gwanaye da shi.

Duk da haka masu bin nassi suka yi ta samun ƙarfi. An sake gina shafin labarai na Wired ba jadawali a Oktoban 2002. Dave Shea ya buɗe CSS Zen Garden a 2003, inda matani ɗaya ke sauya riga ɗari ba a taɓa harafi ɗaya a cikinsa ba. Firefox ta fito daga tokar Netscape a Nuwamban 2004. A Afrilun 2005 aka fitar da jarrabawar Acid2, shafin da in burauza ta karanta daidai za a ga fuska tana murmushi, in ta kuskure a ga fuskar a wargaje. Burauzar Safari ce ta fara ci a wannan shekara, Explorer ba ta ci ba sai ta 8, a 2009. Firebug, na Joe Hewitt, ya zo a 2006 ya ba mutum ikon nuna akwati ya ga awonsa da ƙa'idar da ta rinjaya a kansa, jan layi ya huta.

Mu ma wannan saɓani ya taɓa mu ta fuska biyu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, suna da gurbinsu a Unicode tun farkonsa, amma yawancin zanen haruffan da ke kan kwamfutocin wancan lokaci ba su da su, kuma Explorer 6 ba ta iya aro daga wani zanen yadda ya kamata, sai ta sa ɗan akwati fanko a wurin. Masu shafukan Hausa da yawa suka zaɓi zubar da lanƙwasar, aka bar mai karatu ya rarrabe ƙasa da kasa da hankalinsa, al'adar da har yanzu ba ta gama barinmu ba. Ta biyu kuwa, a watan da Explorer 6 ta fito, Agustan 2001, a cikinsa wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, kuma akasarin mutanenmu ta waya suka fara shiga intanet, ta Opera Mini, wadda aka sake ta ga duniya a 2006. Ita tana bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninta a matse shi kafin ya iso, ta watsar da haruffan ado da wasu ƙawace-ƙawace, saboda haka shafin da ya ci jarrabawa a duk burauzocin ofis yana iya isa hannun mai karatu a Gusau ko Maraɗi da maɓallansa babu alama.

Explorer 6 ta daɗe tana jan rai. A Maris 2010 wasu masu tsara shafi suka yi mata jana'izar wasa a birnin Denver, Microsoft ta aika da furanni, shekara mai bi kuma kamfanin da kansa ya buɗe shafin roƙon mutane su rabu da ita. Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Da CSS ta ba da izinin mutum ya zaɓi irin awon da yake so, sai masu sana'a, musamman bayan rubutun Paul Irish na 2012, suka dunguma zuwa awon waje, wanda ya haɗa ciko da bango, wato ainihin abin da aka shekara goma ana zagin Explorer a kansa. Yau da wuya ka buɗe babban shafi ba ka tarar da wannan umurni a farkon ƙa'idojinsa ba. Tsarin raga ma, wanda a ƙarshe ya warware matsalar ginshiƙai, a Explorer 10 ya fara bayyana a 2012, kafin Chrome da Firefox da Safari su fitar da shi cikin wata guda, Maris 2017. A ganina awon Explorer ya fi dacewa da hankalin magini tun farko, amma wannan bai wanke ta ba, domin da ta kai hujjarta majalisa aka sauya nassi, da kowa ya huta. Abin da ta yi shi ne ta karɓi lafazin ta yi aiki da wata ma'ana, ta bar wa wasu biyan diyya.

Ittifaƙin da ake da shi yanzu ta hanya biyu ya zo, kuma ɗaya ba abin murna ba ce. Gaskiya ne kamfanonin suna zama tare, tun 2022 suna da jerin jarrabawa guda da suke auna kansu da shi kowace shekara. Amma kuma mazhabobin ne suka ƙare: Opera ta bar injinta a 2013, Microsoft ta bar nata ta ɗora burauzarta Edge kan na Chrome a Janairun 2020, aka yi sallama da Explorer ranar 15 ga Yuni 2022. Injuna uku suka rage, na Google mai Chrome da na Apple mai Safari da na Mozilla mai Firefox, kuma na farkon ya yi rinjayen da ya sa wasu masu tsara shafi suka koma gwada aikinsu a burauza ɗaya, kamar yadda magabatansu suka yi a 2002. Wanda ya duba yadda Chrome da Safari da Edge ke gabatar da kansu ga kowane shafi a yau, zai ga dukansu da sunan Mozilla suke farawa.